Daga Hawayen Tuba zuwa Kukan Maye: Tarihin Kalmar "Maudlin"

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin kalmar Ingilishi "maudlin", wadda ake siffanta mutum ko rubutu da ita idan taushin zuciya ya wuce kima, har ya zama abin ƙyama. Tarihinta misali ne na yadda kalmar yabo kan rikiɗe ta koma ta zargi.

Asalin kalmar sunan mace ne, wato Maryamu Magadaliya, mutuniyar garin Magadala da ke bakin Tafkin Galili. Wajen shekarar 591 Paparoma Giregori na Ɗaya ya yi wata huɗuba inda ya ɗauke ta a matsayin mai zunubin nan da Linjilar Luka ta ambata a sura ta 7, wadda ta jiƙa ƙafafun Almasihu da hawaye. Luka bai faɗi sunan wannan mata ba, amma fassarar Paparoman ta zauna daram a Yammacin Turai. Daga nan masu zane, irin su Titian na Italiya, suka riƙa fito da ita tana kukan nadama, kuka kuwa mai daraja.

Sunan ya shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci, lafazinsa ya sauya ya koma "modilin". Har yau da wannan lafazi ake kiran Kwalejin Magdalen ta Oksfod, wadda aka kafa a 1458. Tun ƙarni na 16 aka soma jingina sunan ga mashayin da giya ta sa shi sharɓar kuka. Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da waƙa ko labarin da ke neman matse wa mutane hawaye da gangan. A 1969 Cocin Katolika ya gyara kalandarsa ya raba matan biyu, sai dai kalmar ta riga ta yi nisa, ba ta jin kira.

Abin lura a nan shi ne, kalmar ba kuka take zargi ba, rashin dalilinsa da wuce iyakarsa take zargi. Saboda haka mai fassarar da ya mayar da ita "tausayi" ya juya nufin marubuci, domin tausayi halin kirki ne a wurin Bahaushe. "Saurin kuka" ko "kukan maye" sun fi kusa da ita, gwargwadon muhallin da ta fito.