Tarihin Jadawalin Sinadarai

Jadawalin sinadarai shi ne allon nan da ake ratayewa a ɗakin gwaje-gwajen makarantun sakandare, wanda aka jera dukan sinadaran asali a cikinsa, kowanne da gurbinsa. Sinadarin asali shi ne wanda dabarun kemistiri ba sa iya farfasa shi a fitar da wani abu dabam: zinariya, azurfa, ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta, da iskoki irin su oksijin da haidurojin. Ruwa da gishiri ba sa ciki, domin su haɗi ne. A yau jadawalin yana ɗauke da sinadarai 118, a sahu bakwai na kwance da dangi 18 na tsaye, kuma waɗanda suka faɗo dangi ɗaya halinsu yakan zo ɗaya. An fi jingina shi ga Dmitri Mendeleev, malamin ƙasar Rasha da ya fitar da nasa a 1869. Sai dai an soma aikin tun ba a haife shi ba, kuma ya riga ya bar duniya kafin a gano dalilin da ya sa tsarin yake tafiya daidai.

Kafin Mendeleev

A 1789 Antoine Lavoisier ya buga littafin koyar da kemistiri a birnin Faris, ya kawo jerin abubuwa 33 da aka kasa farfasawa. Yawancinsu ya dace, amma ya sa haske da zafi a ciki, har da farar ƙasa, wadda Humphry Davy ya ciro ƙarfen kalsiyam daga cikinta da ƙarfin lantarki a 1808. A wannan shekarar ce John Dalton, wani malami a Mancesta ta Ingila, ya fitar da littafin da ya ce kowane sinadari yana da irin ƙwayar zarrarsa, mai nauyin da ya keɓanta da ita. Ba mai iya ɗora zarra a sikeli, saboda haka sai aka ba haidurojin lamba 1, ana gwada sauran da shi.

Matsalar ita ce, kafin a lissafa nauyin sai an san zarra nawa ce ta kowane sinadari a cikin haɗin da ake aunawa. Dalton ya ɗauka ruwa haidurojin ɗaya ne da oksijin ɗaya, sai nauyin oksijin ya fito masa 7. Alhali haidurojin biyu ne, nauyin oksijin kuma 16. Irin wannan ruɗani ya yi kusan shekara hamsin yana wahalar da masana, kowa da nasa alƙaluman.

Duk da haka wasu sun fara hango tsari. Johann Döbereiner na jami'ar Jena a Jamus ya nuna a 1829 cewa akwai sinadarai uku-uku masu kama da juna, waɗanda nauyin na tsakiyarsu yake zama a tsakiyar na sauran biyun. Litiyam 7 ne, fotasiyam 39. A haɗa a raba biyu a sami 23, wato nauyin sodiyam. Haka kulorin da buromin da aidin. Wannan kamanni ba baƙon abu ba ne a madafar Hausawa: idan kanwa ta ƙare, akan tace ruwan toka a zuba a miya ya yi aikinta. Abin da ke aiki a kanwa haɗin sodiyam ne, na toka kuwa haɗin fotasiyam, kuma a jadawalin yau ɗaya yana kan ɗaya.

An warware rikicin nauyi a watan Satumba na 1860, lokacin da masana kusan 140 suka taru a garin Karlsruhe na Jamus. Stanislao Cannizzaro na Italiya ya farfaɗo da ra'ayin da Amedeo Avogadro ya kawo tun 1811 aka yi watsi da shi, cewa mazubi biyu masu girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyin iskar da ke cikinsu ɗaya ne ko da iskokin sun bambanta. Da wannan ake iya fitar da nauyin zarra ba tare da kame-kame ba. Cikin matasan da suka saurare shi akwai Lothar Meyer da Mendeleev.

Da alƙaluma suka daidaita sai masu jerawa suka yi yawa. Alexandre de Chancourtois a Faransa ya naɗe jerin a jikin wani abu mai siffar ganga a 1862, amma mujallar ta buga bayanin ba tare da zanen ba, sai aikin ya shige ba wanda ya kula. John Newlands a Landan ya lura cewa idan aka bi nauyi, kowane sinadari na takwas yana kama da na farko. Da ya gabatar da haka gaban ƙungiyar masana kemistiri a 1866, wani ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa haruffan farkon sunayensu, ƙungiyar kuma ta ƙi buga takardar. An zalunce shi, ko da yake tsarin nasa yakan rikice daga an wuce kalsiyam. Sai a 1887 aka ba shi lambar yabo ta Davy.

Jadawalin 1869

An haifi Mendeleev a 1834 a Tobolsk ta yankin Saiberiya. Yana koyarwa a jami'ar Saint Petersburg, kuma littafin ɗalibai yake rubutawa sa'ad da ya ci karo da tambayar da kowane malami ya sani: da wanne zan fara, wanne zai biyo? Sinadarai 63 aka sani a lokacin. Takardar da ya zana jadawalinsa na farko tana nan har yau, da kwanan wata 17 ga Fabrairu 1869 a tsohuwar kalandar Rasha, wato 1 ga Maris. Ya jera su daga mara nauyi zuwa mai nauyi, yana karya layi duk inda hali ya koma irin na baya.

Wasu ma sun yi kusan haka, Meyer kuwa ya fitar da nasa mai kyau ƙwarai a 1870. Abin da ya raba Mendeleev da su shi ne ƙarfin halin amincewa da tsarin fiye da alƙaluman da ke cikin littattafai. An ce nauyin beriliyam kusan 14 ne, abin da zai jefa shi kusa da naitirojin, inda ƙarfe ba shi da wurin zama. Sai ya ɗauki 9.4, ya haɗa shi dangi da maganiziyam, kuma ya yi daidai. Yuraniyam, ƙarfen da ake haƙowa yau a Arlit ta Nijar, ana ba shi kusan 120. Ya ninka shi zuwa 240, ainihinsa kuwa 238 ne. Teluriyam ya fi aidin nauyi, amma ya sa shi a gaba, don aidin ya zauna da 'yan'uwansa kulorin da buromin. Ya nace cewa masu awo ne suka yi kuskure. A nan awon yana daidai, gurbin da ya zaɓa ma yana daidai, hujjarsa ce kawai ta kauce, kuma sai bayan shekara arba'in da 'yan kai aka fahimci yadda hakan zai yiwu.

Sannan ya bar gurabe babu kowa. Inda ya ga sinadari na gaba bai dace da dangin da layi ya kai shi ba, sai ya tsallake gida, ya ce mai gidan yana nan, ba a dai gano shi ba. A 1871 ya zauna ya siffanta uku daga cikinsu dalla-dalla, ta hanyar duba maƙwabtan kowane gurbi na sama da ƙasa da na dama da hagu. Wanda ke ƙarƙashin alminiyam, ya ce nauyin zarrarsa zai kai 68, santimita kubik ɗaya nasa zai yi giram 5.9, zai narke da ɗan zafi kaɗan, kuma da na'urar rarrabe launukan haske za a gano shi.

A 1875 Paul-Émile Lecoq de Boisbaudran yana binciken wani dutsen zinki daga tsaunukan Pyrenees, sai ya ga layuka biyu masu launin shuɗi mai ratsin ja a na'urarsa, waɗanda ba na wani sanannen sinadari ba ne. Ya raɗa wa sabon ƙarfen suna galiyam. Yana narkewa a kusan digiri 30, har a tafin hannu. Da ya auna ɗan abin da ya samu sai santimita kubik ɗaya nasa ya fito giram 4.7. Mendeleev, wanda ko ganin ƙarfen bai taɓa yi ba, ya rubuto cewa a sake awo, samfurin ne ba shi da tsabta. Lecoq ya sake tacewa ya auna, ya sami 5.9. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikelin ɗakin gwaji ya san nauyin wannan magana: mai alƙalami a wata ƙasa ya gyara wa mai riƙe da abin a hannunsa.

Lars Nilson ya gano sikandiyam a Suwidin a 1879, ya cike gurbi na biyu. Na uku ya fi kowanne dacewa. Mendeleev ya ce wanda ke ƙarƙashin silikon zai yi nauyi 72, giram 5.5 a santimita kubik ɗaya, haɗinsa da kulorin kuma ruwa ne da zai tafasa ƙasa da digiri 100. Clemens Winkler ya samo jamaniyam a Freiberg a 1886: nauyi 72.6, giram 5.35, haɗinsa da kulorin yana tafasa a digiri 86. Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba. A ƙarshen rayuwarsa ya yi ta maganar wasu sinadarai da suka fi haidurojin sauƙi, waɗanda babu su. Amma waɗannan ukun sun isa su rufe bakin masu cewa jadawali dabarar hadda ce kawai.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1894. Lord Rayleigh ya lura cewa naitirojin da aka tace daga iskar sarari ya ɗan fi wanda aka haɗa a ɗakin gwaji nauyi. Shi da William Ramsay suka bi sawun wannan ɗan bambanci har suka gano agon, iskar da ta kusa kashi ɗaya cikin ɗari na abin da muke shaƙa, kuma ba ta haɗuwa da komai. Babu gurbinta a jadawali. Da farko Mendeleev ya ƙi yarda, ya ce wataƙila naitirojin ne mai zarra uku. Ramsay ya samo hiliyam a 1895, sannan shi da Morris Travers suka gano niyon da kirifton da zinon a 1898. Ashe dangi guda ne cur aka rasa, kuma da aka buɗe musu layi tsakanin dangin kulorin da na sodiyam sai suka zauna daram. Mendeleev ya mutu a 1907 bai sami kyautar Nobel ba.

Lambar zarra

Har zuwa lokacin ba wanda ya san me ya sa hali yake maimaituwa. J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897, Ernest Rutherford ya nuna a 1911 cewa zarra tana da 'yar cibiya mai cajin lantarki inda kusan dukan nauyinta ya taru. Wani matashi da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, Henry Moseley, ya riƙa harba ilektiron a kan sinadarai ɗaya bayan ɗaya a 1913 da 1914, yana auna hasken eksire da kowanne ke fitarwa. Ya tarar awon yana hawa da taki ɗaya daga gida zuwa gida, babu tsallake. Abin da ke ƙaruwa shi ne cajin cibiya, wato adadin furoton, wanda ake kira lambar zarra. Teluriyam 52 ne, aidin 53. Agon 18, fotasiyam 19, duk da agon ya fi nauyi. Nauyi inuwa ce kawai ta wannan lamba, shi ya sa yake bin ta galibi, yana saɓa mata jefi-jefi.

Yanzu ana iya ƙirga gurabe a san nawa suka rage. Moseley ya nuna babu kowa a 43, 61, 72 da 75. An cike 72 da hafniyam a 1923, 75 da riniyam a 1925, 43 da tekinitiyam a 1937, 61 da furomitiyam a 1945. Shi bai ga ko ɗaya ba. Ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashi ya same shi a Gallipoli ta Turkiyya ranar 10 ga Agusta 1915, yana da shekara 27. Asarar da kimiyya ta yi a wannan rana ba ƙarama ba ce.

Sauran bayanin ya fito daga aikin Niels Bohr da Wolfgang Pauli kan yadda ilektiron ke zama hawa-hawa kewaye da cibiya. Sodiyam 2, 8, 1 ne. Fotasiyam 2, 8, 8, 1. Kowanne yana da guda ɗaya a hawan waje da yake saurin bayarwa, kuma wannan ne asalin kamanninsu. Kulorin 2, 8, 7 ne, guda yake nema ya cika, shi ya sa yake cafke na sodiyam a sami gishiri. Niyon 2, 8 ne, a cike yake, ba ruwansa da kowa. Ɗaliban da ke haddace sinadarai ashirin na farko saboda jarrabawar WAEC da NECO, wannan lissafin ne ya fi cancanta su riƙe, domin wanda ya gane shi zai iya faɗin halin sinadarin da bai taɓa karantawa ba.

Bayan yuraniyam

Yuraniyam, mai lamba 92, shi ne ƙarshen jadawali har 1940, lokacin da Edwin McMillan da Philip Abelson suka ƙera neftuniyam a Berkeley ta Amurka. Fulutoniyam ya biyo baya a hannun Glenn Seaborg da abokan aikinsa. Seaborg ne ya yi wa jadawali babban gyara na ƙarshe a tsakiyar shekarun 1940, da ya cire yuraniyam da maƙwabtansa daga tsakiyar allo ya mayar da su wani layi a ƙasa. A 1955 suka ƙera mai lamba 101, suka sa masa sunan Mendeleev, a daidai lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji da juna.

An cike sahu na bakwai a 2016, da aka tabbatar da sunayen 113, 115, 117 da 118. Ba a haƙo irin waɗannan a ƙasa. Harba cibiya ake yi a kan wata cibiya har su manne: kalsiyam mai furoton 20 a kan kalifoniyam mai 98 ya ba da 118 a Dubna ta Rasha, 'yan ƙwayoyi ƙalilan da ke tarwatsewa tun sakan ɗaya bai cika ba. Gane ko halinsu ya bi na danginsu aiki ne mai wuyar gaske, tunda babu abin da za a zuba a kwalba a gwada. A cibiyar RIKEN ta Japan ana harba banadiyam mai 23 a kan kuriyam mai 96 don neman 119, wanda zai buɗe sahu na takwas.