Tarihin Inuwa a Arlit: Daga Bukkar Kaba Zuwa Makarin Gilashin Mota

Duk wanda ya san Arlit ya san cewa idan bazara ta kama, abu biyu ne suke tsada: ruwa da inuwa. A watannin Mayu da Yuni zafin rana kan haura digiri 40 kusan kullum, ruwan saman shekara guda kuwa bai kai milimita 100 ba. An yi rubuce-rubuce da dama a kan ruwan garin, amma inuwa ba kasafai ake ɗaukarta a matsayin abin da ke da tarihi ba. Alhali in mutum ya bi diddigin wane ne ya samu inuwa, wane ne ya rasa, kuma da me aka yi ta, zai ga tarihin garuruwan yuraniyom gaba ɗaya. Kai, har ɗan makarin rana mai ƙyalli da direba ke warewa a gilashin gaban motarsa yana da gurbi a cikin labarin, kuma akwai darasin da ya shafi rayukan 'ya'yanmu.

Inuwar da ake naɗewa

Tun kafin a kafa Arlit, Abzinawa makiyaya suna kai-komo a yammacin duwatsun Abzin. A filin da itace ya yi ƙaranci, mutum ba ya jiran ya iske inuwa, tafe yake da abarsa. Bukkar mutanen Abzin da tabarmin kaba ake yin ta, a lanƙwasa sanduna a shimfiɗa tabarmin a kai. Mata ne ke saƙa su, bukkar ma ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure. In tashi ya zo sai a kwance, a naɗe, a ɗora wa jaki ko raƙumi. A yankin Azawak kuma da fatun awaki da aka jeme ake yin tanti. Rawanin namiji shi ma inuwa ce ta tafi-da-gidanka, yana tare rana da ƙura.

Hikimar tabarmar kaba ita ce tana tare hasken rana amma tana barin iska ta ratsa. A riƙe wannan, domin za mu sake bukatarsa.

Inuwar da Allah ya dasa kuwa ana girmama ta. A cikin Tenere, a kan hanyar ayarin gishiri mai zuwa Fachi da Bilma, akwai wani itacen ƙaya da ya tsaya shi kaɗai kusa da rijiya. Madugai da 'yan ayari sun daɗe suna wucewa ba su sare shi don hura wuta ba. A 1973 motar ɗaukar kaya ta buge shi ya faɗi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Abin da raƙuma suka ƙyale shekara da shekaru, mota ta kayar a rana ɗaya.

Garin da kamfani ya zana

A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman tagulla, suka ci karo da yuraniyom a Azelik. Bincike ya ci gaba har aka gano tarin ma'adinin a inda Arlit take yanzu, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka fara gina garin a 1969, aka soma fitar da yuraniyom a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kusan mita 250 a Akouta, ya fara aiki a 1978, aka kuma gina garin Akokan don ma'aikatansa. Wutar lantarkin ma'adinan tana zuwa ne daga tashar gawayi ta SONICHAR da ke yankin Tchirozérine, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980.

Da zuwan kamfani sai ma'anar inuwa ta sauya. A unguwar ma'aikata an gina gidajen siminti bisa matsayi: na manya daban, na matsakaita daban, na lebura daban. Akwai lantarki, famfo, asibiti, kantin kayan Turai, da na'urar sanyaya ɗaki a gidajen manya. Shi ya sa aka yi wa garin laƙabi da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa na 2005. Amma a gefen unguwar kamfani wani gari ya tsiro da kansa: masu neman aiki daga Tawa, Maraɗi da Damagaram, 'yan kasuwa, da makiyayan da farin 1973 da na 1984 suka cinye wa dabbobi. Unguwanninsu na zana da kwali da tsohon kwano su ne ake kira Bukkoki. A ƙidayar 2012 mutanen Arlit sun kai kimanin 80,000, kuma akasarinsu ba ma'aikatan kamfani ba ne.

Neman inuwa a wannan ɓangaren ya zo da hatsarinsa. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kokawa kan tarkacen da ke fita daga ma'adinan. Masu binciken CRIIRAD na Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009, sun auna sun samu tarkacen ƙarfe mai ɗauke da gubar yuraniyom a kasuwar garin, irin ƙarfen da talaka ke saye ya yi rufi ko ƙofa ko kayan gida. Mutum ya gudu daga zafin da yake ji a jikinsa, ya fake a ƙarƙashin gubar da ido ba ya gani.

Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Faransa na samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga makamashin nukiliya, kuma shekaru da dama yuraniyom ɗin Nijar na cikin abin da ke hura tashoshinta, yayin da mafi yawan 'yan Nijar ba su da wuta a gida. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Ko giginyar za ta fara yi wa na gindinta inuwa, wannan tambaya ce da ɗalibanmu na yau za su ga amsarta.

Zuwan mota

Arlit garin mota ce tun haihuwarta, don ba kogi, ba jirgin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, aka shimfiɗa kwaltar da ake kira hanyar yuraniyom, daga Tawa ta bi Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600. Ta nan abinci da kayan aiki ke hawa, ta nan kuma gangunan yuraniyom suka riƙa gangarawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga arewa kuma, ta Tamanrasset da Assamaka, Turawa suka riƙa tuƙo tsofaffin Peugeot 404 da 504 suna sayarwa. Daga baya Land Cruiser da Hilux suka mamaye hamadar, musamman bayan gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014.

Mota ta rage nisa, amma a hamada muddin ta tsaya, inuwar da ke ƙarƙashinta ce kaɗai ta rage. A watan Oktoba 2013 an gano gawarwaki 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, da yawansu daga yankin Kantche. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ƙishirwa da rana ne suka kashe su.

Ita kanta motar da aka ajiye a rana tanda ce. Haske na ratsa gilashi ya sauka a kan kujeru da gaban mota, su ɗauki zafi su ɗumama iskar ciki, iskar kuma ba ta da mafita. Kishiyar bukkar kaba ke nan: ita tana tare haske ta saki iska, mota tana shigar da haske ta kulle iska. Direbobinmu sun gane haka tun ba yau ba, shi ya sa za ka ga an ɗora tabarma ko kwali ko tsohon bargo a kan gilashin gaba.

Makarin rana na kanti ya bazu ne a Amurka a shekarun 1980, da farko na kwali mai ninki-ninki. Daga baya aka fito da mai zoben waya wanda ake murɗawa ya koma ɗan faifai, da kuma mai fuskar azurfa da ke mayar da haske. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Abzin: inuwa ce da ake naɗewa a tafi da ita. Hasali ma, tabarmar da aka rufa daga waje ta fi wanda aka sa daga ciki tare zafi, domin tana tsayar da hasken tun bai ratsa gilashi ba. Matsalarta kawai iska ce da ɓarayi.

Abin da makarin ba ya yi

A nan ne ya kamata iyaye su buɗe kunne. Makarin rana yana hana sitiyari ƙona hannu, yana hana gaban mota tsagewa, yana rage zafin kujera. Amma ba ya mayar da rufaffiyar mota wurin zama. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2005 ya nuna cewa zafin cikin motar da ke rana kan ƙaru da kimanin digiri 22 cikin awa guda, kashi 80 cikin 100 na ƙarin a rabin awar farko, kuma sassauta gilashi kaɗan bai canza komai ba sosai. A lissafa wannan a kan digiri 43 na Arlit. Jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar.

A Amurka, inda ake ajiye lissafi tun 1998, yara kimanin 37 ke mutuwa a motoci masu zafi kowace shekara. Fiye da rabinsu mantawa aka yi da su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma da kansu suka shiga. A nan kusa ma, a watan Disamba 2021 an tarar da yara takwas sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. Makarin da ke rufe gilashi yana iya ƙara hatsarin, tunda mai wucewa ba zai hango yaron da ke ciki ba.

Don haka kada a bar yaro a mota da sunan "yanzu zan dawo", ko da an sa makari. A duba kujerar baya kafin a rufe ƙofa. A kulle motar da ke ajiye a ƙofar gida, har da matacciyar da ta shekara ba ta tashi ba, a ɓoye makullin. In yaro ya ɓace, a fara leƙa motocin unguwa da but ɗinsu kafin a tafi cigiya. In an tarar da yaro zafi ya galabaitar da shi, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a zuba masa ruwa ana fifita, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Malamai kuma suna da darasi na kyauta. A samo kwali biyu, a rufe bakin kowanne da farar leda mai nuna ciki, a sa ma'aunin zafi a ciki. Ɗaya a bar shi haka, ɗayan a yi masa rumfa da guntun tabarma. Yara su rubuta abin da ma'aunin ya nuna duk bayan minti goma. Daga nan a tura su gida su tambayi kakanninsu yadda ake saƙa tabarmar kaba, da irin ɗakin da suka fara kwana a ciki ranar da suka iso Arlit. Yaron da ya auna da hannunsa ba zai yi wasan ɓuya a cikin mota ba, kuma zai san cewa garinsu yana da tarihin da ya wuce na kamfani.

Allah ya kare mana zuri'a, ya sa mu a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa.