Yadda ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bungudu suka cika da jama'a

Mai karatu, idan ka taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da damina, ka lura gonaki sun manne da juna har bakin kwalta. Tambayi dattijo a Tsafe ko Bungudu, zai ce maka a da akwai daji tsakanin gari da gari. To ina dajin ya tafi? Amsar tana cikin tarihin yawan jama'a.

Yankin nan tsohon mazauni ne. 'Yandoto, kusa da Tsafe, ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a zamanin jihadin. Amma a wancan lokaci ƙasa ta fi mutane yawa. Ana haihuwa sosai, sai dai agana da ƙyanda da yunwa da yaƙi suna kwashe kaso mai yawa, musamman yara. Manomi kan bar gonar da ta gaji ta zama saura, ya sare sabuwa.

Canji na farko ya zo da jirgin ƙasa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka samu kasuwa, baƙi suka shigo, aka yi ta buɗe sabbin gonaki. Na biyu shi ne raguwar mace-mace: rigakafi ya kawar da agana daga Najeriya a 1970. Na uku, a 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Gusau da tallafin Bankin Duniya, wanda ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara.

Ka ga mutuwa ta ragu, haihuwa kuwa ba ta ragu ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne.

Yanzu duba alƙaluma. A ƙidayar 1991, yankin da ya zama Jihar Zamfara a 1996 yana da mutum kusan miliyan 2.1. A 2006 sun kai kusan miliyan 3.3. Ƙaramar hukumar Gusau ta haura 380,000, Tsafe kusan 266,000, Bungudu kusan 258,000. Wato ƙaruwar kusan kashi 3.2 cikin ɗari a shekara. Ga dabara mai sauƙi: raba 70 da wannan adadi, za ka samu shekarun da jama'a ke ninkawa. A nan, shekara 22 ke nan.

Gona fa ba ta ninkawa. A ce magidanci yana da eka 12, 'ya'ya huɗu suka raba daidai, kowa ya tashi da eka 3. Idan su ma aka raba wa nasu haka, jika ko eka ɗaya ba zai samu ba. Daga nan saura ta ƙare, ƙasa ta gaji, garma ta fara cin burtali da makiyaya. Ba wannan kaɗai ya haifar da rikicin da ya addabi Zamfara ba, akwai raunin shari'a da yaɗuwar makamai, amma matsin ƙasa yana cikin tushensa. Yau ma rashin tsaro na kora mutanen ƙauye zuwa cikin Gusau da Tsafe.

Yawan jama'a ba laifi ba ne, hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya. Matsalar ita ce tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Jaririn da aka ƙirga a Bungudu a waccan shekara yanzu ya isa neman gonar kansa, amma ajujuwa da asibitoci da taki duk da kintace ake tsara su. Wanda bai san yawan bakin da zai ciyar ba, yaya zai auna tuwo?