Noman Lambu a Kudancin Kano

Tun kafin zuwan injin ban ruwa, manoman fadamun Bebeji, Kiru da Tudun Wada da jigo suke shayar da lambunansu: doguwar sanda mai curin laka a gindi, guga a ɗaya bakin. Da sassafe ko da yamma ake ban ruwa, fangali bayan fangali, don ranar bazara kan ƙone albasa da tumatir. Aiki ne mai cin ƙarfi, shi ya sa lambun wancan zamanin ba shi da faɗi.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974 a kan Kogin Kano, ita ta sauya lamarin. Daga baya ƙananan injunan fetur suka yawaita, jigo ya yi wuyar gani.