Yadda Nijeriya Ta Sami Kujera A Majalisar Ɗinkin Duniya

Jama'a, kowa ya san ran 1 ga Oktoba, 1960, ranar da Ingilishi suka miƙa wa Nijeriya mulki. Amma a ƙauyukan Dambatta da Bichi da Minjibir ba kasafai a kan ji an ambaci ran 7 ga watan ba, alhali kuwa ran nan ne aka karɓi ƙasarmu cikin Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, ta zama ƙasa ta 99.

Shiga majalisan nan ba a yin ta da ka. Kamar yadda baƙo mai neman gona ya kan bi ta wurin mai unguwa kafin ya isa gaban dagaci, haka sabuwar ƙasa ta kan fara kai buƙatarta ga Kwamitin Sulhu. In ya yarda, sa'an nan Babban Taro ya jefa ƙuri'a, sai an sami kashi biyu cikin uku. To, cikin kwamitin nan akwai manya biyar, watau Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Sin, ko wacce tana da ikon hawa kujerar naƙi ita kaɗai.

Kada ku ɗauka abin wasa ne. Muritaniya ta sami 'yanci a shekaran nan, amma Maroko ta ce ƙasar tata ce, Rasha kuwa ta tare ƙofa. Sai Oktoba, 1961 ta shiga. Mu dai, alhamdu lillahi, ba wanda ya ja da mu. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun riga mu da kwana 17. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya tsaya gaban taron ya yi jawabi, ba da jimawa ba kuma sojanmu suka tafi Kwango raba faɗa.

Wani manomi zai ce, "Ina ruwan gyaɗata da New York?" A ganina yana da ruwa, ko da ba ta wajen gyaɗa ba. Majalisan nan ce ta tsaya a kan ƙuri'ar Fabrairu, 1961, wadda ta sa Arewacin Kamaru ya haɗu da mu, ya zama Lardin Sardauna. Har wa yau reshenta na kiwon lafiya ne ya jagoranci yaƙi da agana, masu lamba suka bi ƙasashen Afirka ta Yamma gari gari tun daga 1967. A 1980 aka yi shelar cutar ta ƙare a duniya, tabon lambar kuwa yana nan a dantsen dattawanmu.