Emerson Fittipaldi: Gemu Ba Ya Hana Ilmi

A wannan fitowa ina so in ɗan yi tsokaci ne a kan wani direban tseren mota ɗan ƙasar Brazil, watau Emerson Fittipaldi, musamman rabin rayuwarsa na biyu a cikin motocin nan masu mazaunin mutum ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje ba rufi.

An haife shi a Sao Paulo cikin 1946. Ya zama zakaran duniya na gasar Formula One a 1972 da motar Lotus yana da shekara 25, ya kuma sake a 1974 da McLaren. To, da yake naka sai naka, a 1976 sai ya bar McLaren ya koma ƙungiyar wansa Wilson, wadda kamfanin sukari na Copersucar ke ɗaukar nauyinta. Motar ba ta da ƙarfin ja da manya. Shekara biyar bai ci tsere ko ɗaya ba, iyakarsa na biyu a Brazil cikin 1978. A ƙarshen 1980 ya ajiye tuƙi, ƙungiyar kuma ta rushe a 1982.

Cikin 1984 ya tafi Amurka ya shiga gasar CART. A can ana yin wasu tseren a fili mai siffar ƙwai, mota na gudu dab da katangar kankare, abin da bai saba da shi ba a Turai. Zakaran duniya guda ya koma ɗan koyo yana da shekara 37. Ya ci tserensa na farko a Michigan a 1985. A 1989 ya cinye tseren Indianapolis mai mil 500 bayan motarsa ta gogi ta Al Unser ƙarami ana saura kaɗan a gama, ya kuma ɗauki kambun shekarar. A 1993 ya sake cinyewa, bayan ya wuce Nigel Mansell. Ran nan ne ya sha ruwan lemo maimakon madarar da al'ada ta tanadar wa zakara, domin yana da gonakin lemo, Amurkawa kuwa suka ji haushi ƙwarai.

Mummunan haɗari a Michigan cikin 1996 shi ya raba shi da gasar yana da shekara 49. Ni a ganina, girman Fittipaldi yana cikin yardar da ya yi ya sake zama almajiri bayan an riga an kira shi malam.