Asalin Keken Guragu da Yadda Za Ku Kiyaye Shi

Yau zancenmu a kan keken guragu ne, musamman mai batir.

Shi wannan keke ba jiya ya fito ba. A cikin 1655 wani gurgu mai gyaran agogo a ƙasar Jamus, wai shi Stephan Farffler, ya ƙera wa kansa keke mai ƙafa uku wanda ake murzawa da hannu, watau kakan waɗanda kuke gani a kasuwanninmu. Mai batir kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗu. Wani injiniya na Kanada, George Klein, da abokan aikinsa suka ƙera shi a cikin shekarun 1950, domin sojojin da suka komo ba su iya murza keke da hannu.

A nan ƙasarmu shan inna ce ta gurgunta yara da yawa. A 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, keke kuwa shi ne ƙafarsu.

To, ku lura. An yi keken nan ne domin daɓe da kwalta, mu kuwa yashi gare mu, da ƙaya, da ƙurar hunturu. Na taɓa ganin sabon keke jingine a bayan ɗaki, kaji na kwana a kansa, mai shi ya koma rarrafe har gwiwarsa ta yi gyambo. Ba kome ya kashe keken ba sai barin batir ba caji.

Saboda haka, kowane dare a yi masa caji, ko da na hasken rana ne. Yawancinsu batir biyu gare su, in za a sake a sake su tare. Kada a bar shi cikin rana tsaka. Kada a kwara masa ruwa, kada a shiga fadama da shi da damina. Tsumma mai ɗan laima ya isa. Kowace Jumma'a a duba taya, a cire ƙaya, a ɗaure kusoshi. In katifar zama ta lotsa a sake ta, gama ita ke tsare mutum daga gyambon zama.

Wanda ya kiyaye keken ɗan'uwansa, ƙafarsa ya kiyaye. Allah ya ba mu lafiya, amin.